Matoshin Kwalba da Dajin da Ke Bayansa

 

Maganar da na zo da ita yau ta shafi wani ɗan abu da bai kai tsawon yatsa ba, wato matoshin da ake toshe bakin kwalbar giyar inabi da shi. Na san galibinmu a wannan ɗaki Musulmi ne, kuma hukuncin giya a addininmu a bayyane yake, ban zo in taɓa shi ba. Abin da ya kawo ni shi ne itace, da ɓawonsa, da cinikin da ya rayar da daji mai faɗin hekta fiye da miliyan 2 a gaɓar yammacin Bahar Rum. Kaso mai yawa na wannan daji yana ƙasashen Musulmi, Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake samu daga wannan ɓawo daga matoshin kwalba yake fitowa, don haka wanda yake son ya fahimci dajin dole ya leƙa bakin kwalbar. Ɓawon kansa ba baƙo ba ne a gare mu. Dattawa sun san shi a bakin tsofaffin filas ɗin shayi, makanikai sun san shi a gasket ɗin inji, masu takalma sun san shi a dunduniya.

Itacen da ake magana a kansa masana suna kiransa Quercus suber, mutanen Fotugal kuma suna ce masa sobreiro. Fotugal ce uwa a wannan harka. Tana da sama da hekta dubu 700, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na dajin duniya, kuma kusan rabin ɓawon da ake samu a duniya daga can yake fitowa, musamman daga yankin Alentejo da ke kudanci. Sifaniya ke biye mata. A Fotugal ana kiran irin wannan fili montado: itatuwa ne a warwatse, a ƙarƙashinsu ana kiwon tumaki da shanu, ana shuka hatsi jefi-jefi. A watan Disambar 2011 majalisar dokokin ƙasar ta ayyana sobreiro a matsayin itacen ƙasa, kuma tun kafin nan doka ta hana a sare shi sai da izinin hukuma, ko da a gonar mutum yake.

Duk wanda ya taɓa ganin kukar da aka ɗaye don igiya ya san cewa akwai itacen da ake cire wa ɓawo ya mayar da wani. Haka sobreiro yake, sai dai shi nasa ɓawon kauri yake yi, ga rashin nauyi, ga laushi. Ba a taɓa shi sai ya kai wajen shekara 25, sai kaurin gindinsa ya kai santimita 70 idan aka zagaya shi da igiyar awo a daidai ƙirjin mutum. Ɓawon farko mai kaushi ne, duk tsage-tsage, ba ya yin matoshi, niƙa shi ake yi a yi daɓe da allunan bango. Sai a jira shekara 9, domin doka ba ta yarda a koma kafin haka ba. Na biyu ma bai gama daidaituwa ba. Sai a karo na uku, itace ya haura shekara 40, ake samun ɓawon da suke kira amadia, wanda shi ne ya isa a fafe matoshi daga cikinsa. Daga nan itacen zai yi ta bayarwa duk shekara 9 har ya kai wajen shekara 200. Akwai wani tsohon sobreiro a ƙauyen Águas de Moura da aka shuka a ƙarshen ƙarni na 18, wanda a ɗayewar 1991 kaɗai ya ba da sama da kilo 1,200. Mutanen ƙasar suna da wani zance cewa itacen turare na mai shuka ne, sobreiro kuwa na jika ne.

Ina so ku tsaya ku kalli yadda ake ɗayewar, domin a nan ingancin matoshi yake farawa. Aikin na tsakiyar zafi ne, daga Mayu zuwa Agusta, lokacin da ruwa yake gudana a jikin itace har ɓawo ya yarda ya rabu da uwarsa. Maɗaya suna aiki bibbiyu. Kowane yana riƙe da gatari mai faffaɗan baki, ƙotarsa kuma an fiƙe ƙarshenta. Mutum zai nemi tsagar da ta fi zurfi a jikin ɓawon, ya sara a tsaye, ya ɗan murɗa bakin gatarin, ya saurara. Idan ƙarar ta fito a buɗe, ɓawo zai saki. Idan ta fito a bushe, a gajarce, to bai shirya ba, kuma mai hankali sai ya ƙyale itacen. Bayan tsagar tsaye sai ya zagaya ya yanke ta sama, sannan ya juya gatarin ya cusa ƙotar tsakanin ɓawo da itace, ya yi ta banƙarawa a hankali har falle guda ya faɗo, wani ya fi tsawon mutum. Jikin itacen yana fitowa ruwan ɗorawa, bayan 'yan makonni ya koma ja wur. Sai a ɗauko farin fenti a rubuta lambar ƙarshe ta shekarar a gindinsa, yadda wanda ya ga 4 zai san an ɗaye shi a 2024, ba a komawa sai 2033. Idan bakin gatari ya zarce ya ji wa fatar ciki mai rai ciwo, wannan wuri ya lalace ke nan, tabon zai bi kowane ɓawo da zai biyo baya. Shi ya sa maɗaya suna cikin ma'aikatan gona mafi tsada a Fotugal, kuma har gobe injin bai kore su ba.

Daga daji sai a jibge fallayen a fili su sha rana da iska da ruwan sama na aƙalla wata 6. Sannan a dafa su a tafasasshen ruwa kamar awa guda, su kumbura, su miƙe, su yi laushi. A bar su su huta 'yan makonni, a yanka su sala-sala, a sa wani bututu mai kaifi a riƙa fafe matoshi ɗaya bayan ɗaya. Akwai dabara a yadda ake fafewar. Ɓawo yana da ƙananan ramuka da itace yake numfashi ta cikinsu, waɗanda suka ratsa daga waje zuwa ciki. Ana fafe matoshin ne ta yadda waɗannan ramuka za su gitta shi a kwance, kada su bi tsawonsa su zama hanyar yoyo. Wannan ne ya sa kaurin falle shi ke yanke faɗin matoshi, kuma fallen da bai yi kauri ba ba zai taɓa ba da matoshi ɗan asali ba. Abin da ake fafewa bai kai rabin fallen ba. Ragowar ana niƙa shi, kuma daga wannan niƙa ne sauran ire-iren matosai suke fitowa.

Me ya sa wannan ɓawo ya gagari sauran abubuwa? A 1665 Robert Hooke na Ingila ya yanko siririn yanki na ɓawon ya sa a madubin ƙara girma, ya ga ashe ɗakuna ne ƙanana jere da juna. Yau an san cewa a cikin santimita ɗaya ta kowace fuska akwai irin waɗannan ɗakuna kusan miliyan 40, cike da iska, bangonsu kuma shafe da wani sinadari mai maiƙo da ake kira subarin, wanda ruwa ba ya ratsa shi. Idan ka matse shi ta gefe ba ya tsawo ta sama, kuma da ka sake shi zai nemi komawa yadda yake. Matoshin da aka saba da shi faɗinsa milimita 24 ne, bakin kwalba kuwa wajen 18 da rabi. Injin yana matse shi zuwa kusan 16, ya tura shi, shi kuma ya buɗe ya manne wa gilashi, ya ci gaba da tokare shi shekara da shekaru. Romawa sun toshe tulunansu da shi, amma bai samu cikakkiyar daraja ba sai a ƙarni na 17, lokacin da Turawan Ingila suka fara narka gilashi da gawayin kwal suka samu kwalba mai ƙarfi da za ta jure matsi.

To yanzu mu zo kan zaɓi. Mai yin giya da ya san aikinsa tambaya guda yake fara yi wa kansa kafin ya sayi matoshi: shekara nawa abin da ke cikin kwalbar nan zai zauna kafin a buɗe? Duk sauran lissafi daga amsar nan yake tasowa. Dalili kuwa shi ne iskar oksijin. Giyar inabi ba ta tsayawa yadda aka ɗura ta, tana ci gaba da sauyawa a cikin kwalba. Ja mai ƙarfi tana da ɓauri da ta ɗebo daga fatar inabi da 'ya'yansa, kuma iska 'yar kaɗan, a hankali, tana taimakawa wajen kwantar da wannan ɓauri. Idan iskar ta yi yawa sai launi ya koma ruwan ƙasa, ƙamshi ya gudu, abin ya kama hanyar tsami. Idan kuma babu ita sam, wasu giyoyin sukan ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai ko na ƙonanniyar roba. Binciken da aka yi a Bodo ta Faransa ya nuna cewa a matoshi mai kyau yawancin iskar da ke shiga a watannin farko daga cikin ɗakunan matoshin kansa take fitowa saboda matsin da ya sha, bayan nan sai shigar ta ragu ƙwarai.

Wanda zai ajiye kwalba shekara 10, 20 ko fiye, kamar manyan gidajen Bodo da Bagandi da masu giyar Porto, matoshi ɗan asali yake nema, wanda aka fafe daga falle guda, mai tsawon milimita 49 ko 54. Ana rarraba irin wannan daraja-daraja gwargwadon yawan ramuka da tsaga a jikinsa. Na ƙoli shi ne Flor, sai Extra, sai Superior, sannan na ɗaya, na biyu, har ƙasa. A da idon mata ma'aikata ne yake wannan tantancewa, yanzu kyamara ce ke fara tacewa kafin ido ya kammala. Guda ɗaya na ƙoli yakan kai yuro ɗaya ko fiye. Tsawon yana da amfani, domin a hankali ruwa yana jiƙa matoshi daga ƙasa yana hawa, kuma dogo ya fi daɗewa kafin a cim masa. Amma a kula, wuyan kwalba yana buɗewa daga ciki, saboda haka dogon matoshi a kwalbar da ba a ƙera don shi ba ɓarnar kuɗi ce, ƙasansa reto kawai zai yi.

Na matsakaicin zango, shekara 3 zuwa 5, akan yi amfani da ɗan asali mai milimita 44 ko 45, ko kuma wanda aka cike ramukansa da garin ɓawo da gam don ya yi sumul. Akwai wanda jikinsa niƙaƙƙen ɓawo ne da aka haɗa da gam, aka liƙa masa faifan ɓawo ɗan asali sama da ƙasa, ya dace da abin da za a sha cikin shekara 2 ko 3. Mafi araha shi ne niƙaƙƙe zalla, wanda bai kamata ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu a bakin kwalba ba. A nan nake so in faɗi ra'ayina ƙarara. Mafi yawan giyar da ake yi a duniya ba ta ajiya ba ce, ana shanye ta ba da daɗewa da saye ba. Sa mata matoshin Flor almubazzaranci ne da ɓawon da itace ya kwashe shekara 9 yana haɗawa. Sa wa giyar ajiya matoshin niƙa kuma ha'inci ne ga mai saye, domin ba zai gane an cuce shi ba sai bayan shekaru, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Giya mai kumfa irin ta yankin Shamfen tana da nata daban. Matsin iskar da ke cikin kwalbarta ya ninka na sararin da muke ciki sau 5 zuwa 6. Matoshinta faɗinsa ya kai milimita 30, jikinsa niƙaƙƙe, ƙasansa faifai biyu na ɗan asali, kuma rabinsa kawai ake turawa, a ɗaure kansa da waya. A miƙe yake shiga, matsi ne yake ba shi siffar nan mai kumburarren kai. Akwai kuma gajere mai hular katako ko roba, wanda ake zarewa da hannu a mayar, na kwalbar da za a riƙa buɗewa ana rufewa. Irinsa ne kuke gani a wasu kwalaben man zaitun da na khal.

Ko an sayi matoshin da ya dace, ana iya kashe shi a wajen ɗuri. Ana so laimar jikinsa ta tsaya tsakanin kashi 4 zuwa 8 cikin 100, kuma a yi aiki da shi cikin watanni kaɗan bayan an shafa masa kakin da ke sa ya zame, kada a jibge shi a sito ya bushe. Haƙoran injin matsi idan suka ci suka yi gibi sukan tsaga masa layi a gefe, ta nan yoyo yake bi. Dole a bar ɗan fili tsakanin ruwa da matoshi, wajen milimita 15, domin ruwa yana kumbura da zafi. Bayan an toshe kuma ba a kwantar da kwalba nan take, sai an bar ta a tsaye matoshin ya gama buɗewa. Daga nan sai ta kwanta a wuri mai duhu da sanyi, wajen digiri 12 zuwa 14, mai ɗan laima. Kuma komai kyawun matoshi yana tsufa. Bayan shekara 25 zuwa 30 yakan saki, shi ya sa kamfanin Penfolds na Ostareliya tun 1991 yake shirya zama inda masu tsofaffin kwalabensa suke kawowa a duba, a sake musu matoshi.

Duk wannan tsari da na zayyana ya kusa rushewa a zamaninmu, kuma wannan ne sashen labarin da na fi so ku riƙe. Tun da daɗewa masu saye suna kukan cewa wasu kwalaben suna fitowa da warin jiƙaƙƙen kwali ko na ɗakin da ya daɗe a rufe. A farkon shekarun 1980 wani masani a Suwizalan, Hans Tanner, tare da abokan aikinsa, suka gano mai laifin: wani sinadari da ake taƙaita sunansa da TCA. Funfuna ce take haɗa shi idan ta ci karo da sinadarai masu kulorin, irin waɗanda suka saura daga magungunan feshi da na adana katako, da kuma ruwan kulorin da masana'antu suke wanke matosai da shi don su yi fari. Ba ya cutar da lafiya, amma hancin ɗan Adam yana jin sa ko da nanogiram 3 ko 4 ne a lita, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Ku yi lissafin da kanku: giram ɗaya tak ya isa ya ɓata lita miliyan 250. Mafi muni ma, idan ya yi ƙasa da yadda za a ji warinsa, sai ya danne ƙamshin giyar kawai, mai saye ya ɗauka mai yin ta ne bai iya ba.

An gano ciwo, an san sanadinsa, amma masu sana'ar matoshi suka yi kunnen uwar shegu kusan shekara 20. Ba su da abokin gasa, suna ganin duniya ba ta da inda za ta. Waɗanda suka fi jin jiki su ne na nesa, Ostareliya da Niyu Zilan, waɗanda suka daɗe suna zargin cewa ragowar kaya ake tura musu. A 1999 cibiyar binciken giya ta Ostareliya ta ɗura giya iri ɗaya a kwalabe masu marufi iri 14, ta ajiye tana aunawa. Sakamakon ya tona asiri: kwalaben da aka toshe da ɗan asali kowace da halinta, wata lafiya lau, wata ta sha iska, wata ta yi wari, alhali masu murfin alminiyam na murɗawa duk bakinsu ɗaya. A 2000 wasu masu yin farar giya a kwarin Clare na Ostareliya suka haɗa kai suka koma murfin murɗawa, a 2001 na Niyu Zilan suka bi sahu, kuma yau mafi yawan kwalaben ƙasashen biyu da shi ake rufe su. A daidai lokacin kamfanin Nomacorc ya fara fitar da matoshin roba a Amurka. Kasuwar da aka ɗauka gado ce ta fara zubewa, har a 2006 ƙungiyar kare muhalli ta WWF ta yi gargaɗin cewa idan aka ci gaba a haka babban ɓangaren dajin zai iya salwanta, domin mai gona ba zai riƙe itacen da ba ya kawo kuɗi ba.

Sai da ido ya raina fata sannan aka tashi. Aka daina wanki da kulorin aka koma wani sinadarin. Aka daina jibge fallaye a kan ƙasa, aka shimfiɗa siminti. Aka riƙa yanke gindin falle, wanda ya fi kusa da ƙasa ya fi kwasar funfuna. Aka sauya tukwanen dahuwa zuwa na ƙarfe mara tsatsa masu tace ruwa. Kamfanin Diam na Faransa, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta ƙasar, ya fito da hanyar wanke garin ɓawo da iskar kabon da aka matse ƙwarai, wadda take tsotse TCA, sannan a sake gina matoshi da garin, a rubuta masa lamba 5 ko 10 ko 30, wato shekarun da kamfani ya ɗauki alkawari. Amorim, babban kamfanin Fotugal da ya faro tun 1870, ya kawo na'ura a 2016 mai shinshina matosai ɗaya bayan ɗaya cikin daƙiƙoƙi, ta ware duk wanda TCA ɗinsa ya haura rabin nanogiram a lita. Da haka ɓawo ya dawo da martabarsa, kuma har yau shi ke rufe mafi yawan kwalaben giyar inabi a duniya, matosai kusan biliyan 12 a shekara.

Adalci ya sa in ce abokan gasar ma suna da nasu aibin. Matosan roba na farko sun riƙa barin iska ta yi yawa, giya ta tsufa cikin shekara 2, ko da yake na yanzu sun gyaru. Murfin murɗawa mai shafin kuza a ciki yakan toshe iska har wancan warin ƙwai ya taso, sai masu yin giya suka koyi gyara aikinsu tun daga randa. Ga farar giya da za a sha da wuri, ban ga abin da ɗan asali ya fi murfin murɗawa da shi ba ta fuskar aiki. Inda ya fi shi shi ne a bayan kwalba: alminiyam daga rami ake haƙo shi, roba daga man fetur ko rake, ɓawo kuwa daga itacen da yake tsaye da ransa, yana riƙe ƙasa, yana ba dabbobi inuwa, kuma kaurin ɓawonsa yana sa ya tsira daga gobarar daji ya sake toho.

Sai dai dajin bai tsira ba tukuna. Fari yana ƙara yawa a kudancin Fotugal da Sifaniya, kuma a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci ɓawo ba ya saki, ba ya kauri. Akwai wata cutar saiwa, Phytophthora cinnamomi, da take busar da manyan itatuwa. Garmar tarakta tana yanke saiwoyin da ke kusa da sama. Shanu sun yi yawa, suna cinye 'yan tsiron kafin su tasa, sai ka ga fili cike da tsofaffin itatuwa babu yaro ko ɗaya a tsakaninsu. A Maroko, dajin Ma'amora da ke kusa da Rabat ya ragu ƙwarai a ƙarnin da ya wuce, saboda kiwo, da maye gurbinsa da turare, da kuma tsince 'ya'yan itacen da ake yi ana sayarwa don ci, har ba a bar na iri ba. Ga wanda ya san yadda kaɗanya da ɗorawa suke tsufa a gonakinmu ba tare da magada ba, wannan ba sabon labari ba ne.

Akwai wata igiya ta zahiri da ta ɗaure mu da wannan ciniki. Ƙaron da ake tsaga daga dakwara a Yobe da Jigawa da Borno, da Chadi da Sudan, yana shiga lemon kwalba da alewa da magunguna, kuma masu giyar inabi ma suna zuba shi kaɗan don ya riƙe launi. Shi ma jikin itace mai rai ake yi wa rauni da gwaninta a samo shi, shi ma daraja-daraja gare shi, na dakwara a sama, na dushe a ƙasa. Bambancin yana wajen wanda yake tantancewa. Fotugal ba ta tsaya ga ɗaye ɓawo ba. A yankin Santa Maria da Feira da ke arewacinta ake dafawa, a fafe, a auna, a buga hatimi, har ɗanyen ɓawo take sayowa daga Sifaniya da Arewacin Afirka ta sarrafa ta sayar. Namu ƙaron kuwa yawancinsa a buhu yake fita, sau da yawa a gauraye, da ƙasa da ɓawo a ciki, sai ya isa Faransa, wurin kamfanoni irin su Nexira da ke Rouen, a narka, a tace, a busar ya zama gari, a rubuta masa takardar inganci, sannan kuɗinsa ya ninka.

Don haka roƙona ga sashen gandun daji da na kimiyyar sinadarai shi ne su ɗauki aiki guda da ɗaliban ajin ƙarshe za su iya yi da kayan da ke ɗakin gwajinmu. A karɓo ƙaro daga kasuwanni daban-daban na arewa maso gabas, a rubuta daga wane itace ya fito, a wane wata aka tsaga, kwana nawa ya yi a shanya kuma a kan me aka shanya shi. A auna laimarsa, da dattinsa, da yadda yake narkewa. A maimaita haka kaka uku a jere, a buga sakamakon da Hausa, a kai wa ƙungiyoyin masu tsaga da dillalai, yadda mai buhu zai iya faɗa wa mai saye abin da ke cikin buhunsa da lamba, ya tsaya a kan farashinsa.